LABARIN ZUCIYAR BULO: ABIN DA TANDERUN SHARAƊA YA KOYA MINI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan Ƙungiya, injiniya mai ritaya, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma Shugaban Taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin wannan Ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, da ku 'yan ajinmu da nake hange can baya kuna yi mini dariya tun ban buɗe baki ba, ina yi muku barka da zuwa.

Lokacin da Sakatare ya bugo mini waya yana neman kan jawabina, na ce masa a kan bulo zan yi magana. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Injiniya, duk faɗin ilimin duniyar nan ka rasa abin da za ka kawo mana sai bulo?" Na ce ya yi haƙuri, domin bulo ne ya taɓa tsayar da masana'anta sukutum a kan idona, ya zaunar da magidanta a gida makonni, ya kuma kusa raba ni da aikina. Mutum kuwa ba ya manta abin da ya koya masa hankali.

Kafin in shiga, dole in gaida Malaminmu na Kimiyya, ga shi can a layin gaba. Ranka ya daɗe, kai ka fara nuna mana ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, muka yi layi muna leƙawa ɗaya bayan ɗaya, muka ga 'yan ɗakuna jere kamar ginin tubali. A ranar ka ce mana abin da ido ke gani ba shi ne ƙarshen magana ba. Jawabina na yau sharhin wannan magana taka ce kawai, bayan shekaru masu yawa.

WANE IRIN BULO?

Ba bulon siminti nake nufi ba, ba kuma jan bulon da ake gina gida da shi ba. Ina nufin bulon tanderu, wato wanda ake jerawa a cikin tanderun masana'anta domin ya riƙe wuta. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin santigiret. Ana gasa ƙarfe zuwa wajen digiri 1,200 kafin a murza shi ya zama rodi. Tanderun siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato ko na Ashaka a Jihar Gombe, yana kai dutsen da ke cikinsa digiri 1,450. Tsantsar baƙin ƙarfe kuwa sai a digiri 1,538 yake narkewa. To, tunda jikin tanderun kansa da ƙarfe aka ƙera shi, me ke hana shi lanƙwashewa? Bulon nan ne. Duk rodin da ke cikin ginin wannan zaure, da simintinsa, da gilashin tagoginsa, sun bi ta cikin wuta a kan irin wannan bulo. Haka kuma boilar masaƙu da ta masana'antun mai na Bompai da Sharaɗa, da ta majemun Challawa, da yawansu da shi aka lulluɓe gidan wutarsu.

Kada mu ɗauka baƙon ilimi ne. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tanderun narkar da tama da suka haura shekaru 2,000. Nan gindin Dala ma akwai shaidar cewa ana narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin Kano ya ambaci Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Duk wanda ya narkar da tama kuwa sai da ya fara sanin yumɓun da zai jure zugar wuta. Kakanninmu sun san wannan da hannu. Abin da kimiyya ta ƙaro shi ne dalili.

YADDA ABIN YA SAME NI

A shekarar 1986 aka shigo da shirin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A lokacin ina matashin injiniya a wata masana'antar sarrafa ƙarfe a Sharaɗa. Tanderunmu ya isa sabuntawa, bulon da muka saba saye daga Turai kuwa kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Sai wani mai yin bulo na nan gida ya kawo mana nasa, tare da takardar gwajin sinadaransa. Na ɗora takardarsa kusa da ta bulon waje. Yawan alumina kusan ɗaya, yawan silika kusan ɗaya. Bulon nasa ma ya fi kyan gani: sumul, ga nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi yana ƙara kamar tangaran. Na sa hannu aka saya, ina murna na ceto wa kamfani kuɗi, na kuma taimaki ɗan ƙasa.

Muka gina, muka kunna. Makonnin farko lafiya lau. Sai hunturu ya shigo, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan kashe mana injin hura baƙin mai sau da yawa a rana, tanderu ya huce, a sake kunnawa. Muka fara tsintar ɓarɓashin bulo a kan ƙarfen da ke fitowa. Daga nan fuskar bulon ta shiga ɓantarewa falle-falle. Rufin tanderun, wanda aka gina shi kamar bakan gizo irin na soron gargajiya, ya fara lotsawa. Wata rana da asuba wani sashe nasa ya rufta, harshen wuta ya yi waje, saura ƙiris ya sami wani ma'aikaci da ke tsaye kusa da ƙofa. Allah ya kiyaye. Aka rufe masana'anta, aka ce leburori su zauna a gida sai an neme su. Ni na sa hannu, saboda haka ni ne ba na iya haɗa ido da su a bakin get.

Da na rasa amsar da zan ba manaja, sai na ɗauki guntun tsohon bulon waje da guntun sabon, na nufi Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda wani abokin karatuna ke koyarwa. Ya yanka su, ya goge su har suka yi sheƙi, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce in leƙa. Jama'a, kamar in ce ban taɓa ganin bulo ba sai ran nan. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ban da bulon tanderu.

ƘIRAR CIKI

Abin da na gani shi masana ke kira ƙirar ciki, wato yadda ƙwayoyin abu suke zaune da juna a matakin da ido ba ya kaiwa. Ga misali daga madafa. Da garin masara ake tuwo, da tsakin masara ake dambu. In ka kai su ɗakin gwaji, takarda za ta ce maka duka masara ce da ruwa. Amma wanda ya ci ya san ba ɗaya ba ne. Takardar da na dogara da ita ta gaya mini abin da ke cikin bulo, ba ta gaya mini yadda yake zaune ba.

Abubuwa huɗu ake dubawa: ƙwayoyi, ramuka, gilashin da ke tsakanin ƙwayoyi, da tsaga. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara ganin abin da wuta ke yi wa yumɓu.

Uwar wannan bulo ita ce farar ƙasar nan da ake kira kawolin, wadda muke da ita a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alkaleri ta Jihar Bauci, da wurare da dama a tsaunukan Jos. Tsantsarta tana da alumina kusan kashi 40 cikin 100, silika kashi 46, sauran kashi 14 kuwa ruwa ne da ke ɗaure a cikin jikin ƙwayar, wanda shanya ba ta fitar da shi. Tsakanin digiri 450 da 600 wannan ruwa ke fita, daga nan yumɓu ya daina zama yumɓu, ko ka jiƙa shi ba ya kwaɓuwa. In wuta ta haura digiri 1,100, sai wani sabon dutse ya fara tsira a ciki, sunansa mulait. An ba shi sunan ne a 1924, daga tsibirin Mull na ƙasar Sikotilan inda ake samun irinsa a cikin duwatsu. Mulait yana fitowa ne siriri-siriri kamar allurai, suna sarƙe juna kamar saƙar tabarma, kuma ba ya narkewa sai an haura digiri 1,800. Wannan saƙa ita ce ƙashin bayan bulo. Bulon da aka gasa a gaggauce, ko a wutar da ba ta kai ba, alluransa ba su girma sun sarƙe ba, ko da sinadaransa sun cika cif.

ƘWAYOYI DA TSAGA

A bulon waje na ga ƙwayoyi hawa uku: manya kamar ƙwayar dawa, matsakaita kamar gero, da gari mai laushi da ya cike tsakaninsu. A bulon gida kuwa gari ne zalla, ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya. Da farko na ɗauka wannan abin yabo ne. Ashe nan cutar take.

Ku tuna kofin gilashi da aka zuba wa tafasasshen shayi da sanyin safiya. Cikinsa ya ɗau zafi yana son ya buɗe, bayansa da sauran sanyi bai yarda ba, sai ka ji ƙas. Haka yake ga bulo, sai dai a juye. In wuta ta mutu, iskar hunturu ta shiga, fuskar bulo ta huce tana son ta tsuke, cikinsa kuwa yana nan jawur. Ja-in-ja ke nan, kuma yumɓun da aka gasa ba ya miƙewa kamar ƙarfe, sai dai ya tsage.

A 1921 wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa masu gautsi ba sa karyewa sai daga wata 'yar tsaga da ke jikinsu tun farko, domin a bakin tsagar nan ƙarfin ja ke taruwa. Tela ya san haka: sai ya ɗan tsaga bakin yadi da almakashi sannan ya ja, ya tafi ɓarrr. Daga baya, a 1969, wani masani a Amurka mai suna Hasselman ya fito da abin da ya fi shafarmu. Ya nuna cewa a tanderu ba yadda za a yi a hana tsaga farawa, don haka dabara ita ce a hana ta tafiya. Bulo mai tauri, mai gari zalla, yana tara ƙarfin ja da yawa kafin ya tsage, kuma in ya tsage babu abin da zai tare tsagar, sai ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Amma bulo mai manyan ƙwayoyi, tsaga na tafiya kaɗan sai ta ci karo da ƙwaya, ta kewaya, ta rabu biyu, ta faɗa wani ɗan rami, ƙarfinta ya ƙare. Bulon ya ɗan raunana, amma yana nan a mazauninsa.

Iyayenmu magina tukwane sun riga Hasselman aiki da wannan. Me ya sa suke daka tsingaro ko su zuba yashi a cikin yumɓu? Manyan ƙwayoyi ke nan. Me ya sa tukunyar ƙasa ke zama a kan murhu shekara da shekaru? Saboda ba a gasa ta har ta haɗe ba. A cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ana gasa tukwane a wuta mai tsanani har su haɗe su daina tsatsar ruwa. Sun yi kyau, sun zaga duniya, har hoton Ladi Kwali ya hau takardar naira 20. Amma irin wannan tukunya ta ado ce da zuba abinci. In girki za ka yi a kan itace, ta kasuwar ƙauye ta fi ta.

RAMUKA

Kowane bulo yana da 'yan ramuka a ciki. A bulon da ke fuskantar wuta, akan so su kasance wajen kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na girmansa, ƙanana, a warwatse daidai-wa-daida. In sun yi yawa, ko suka haɗe suka zama hanya, narkakken datti zai bi ta cikinsu kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya ci bulon daga ciki. In kuma babu su sam, mun ga abin da tsaga ke yi.

Akwai kuma bulon da ake cika shi da ramuka da gangan. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, in an gasa su ƙone su bar gurbinsu, har fiye da rabin bulon ya zama iska. Iskar da aka kulle ba ta iya kai zafi nesa, don haka wannan bulo shi ne bargon tanderu. Ba shi da ƙarfi, ba a sa shi inda ƙarfe zai goge shi, sai a bayan mai ƙarfin. Shi ke rage shan baƙin mai, kuma duk wanda ya riƙe littafin kuɗin masana'anta ya san abin da hakan ke nufi. Kumbon Amurka mai zuwa sama ya dawo, wanda ya fara tashi a 1981, an lulluɓe shi da fale-falen zaren silika waɗanda kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsu iska ce. Dabarar ɗaya ce da ta ɓuntun shinkafa.

A bulon da na saya, ramukan ba zagayayyu ba ne. Dogaye ne, a kwance, hawa-hawa kamar shafukan littafi, domin a injin matso jan bulon gini aka yi shi, da jiƙaƙƙen yumɓu. Kowane shafi tsaga ce da ke jiran ranarta. Dalilin ɓantarewarsa falle-falle ke nan.

GILASHIN DA KE TSAKANI

A lokacin gashi, wani ɗan kaso na yumɓu yakan narke, in ya huce ya zama gilashi, shi ke manne ƙwayoyi da juna. Kaɗan daga cikinsa alheri ne. Amma gilashi ba shi da tsayayyen wurin narkewa. Yana yin laushi ne sannu a hankali kamar alewa a rana. In ya yi yawa, ƙwayoyi sai su riƙa zamewa a kan juna a ƙarƙashin nauyi, bulo ya lotsa tun bai je kusa da narkewa ba. Abin da ya sami bakan gizon rufinmu ke nan.

Me ke ƙara gilashi? Dattin da ke cikin yumɓu: tsatsar ƙarfe, farar ƙasar siminti, da dangin kanwa da toka. Uwargida ta san ɗan ƙanƙanin kanwa na sa wake ya yi laushi da wuri. Haka waɗannan sinadarai ke yi wa yumɓu a wuta. Kashi biyu ko uku cikin ɗari sun isa su ɓata bulo. Suna nan a ƙasan takardar gwajin da aka ba ni, amma idona na kan manyan lambobin sama. A ƙarƙashin madubi kuwa ga su nan, baƙaƙen ɗigo-ɗigo, kowanne da tafkin gilashi kewaye da shi. Har wa yau, ɓawon tsatsar da ke zubowa daga ƙarfen da muke gasawa, in ya haɗu da silika, yana haifar da wani abu da ke narkewa a wajen digiri 1,200, daidai zafin aikinmu. Shi ya riƙa cin daɓen tanderun.

Sai kuma yashi. Ƙwayar yashi, wadda ake kira kwaz, tana da wata ɗabi'a: da ta kai digiri 573 sai ta kumbura farat ɗaya, in ta sauko ta tsuke farat ɗaya. A tanderun da ke ci ba dare ba rana wannan ba matsala ba ce. Amma namu da ke hucewa a sake kunnawa, kullum sai ya ratsa wannan mataki hawa da sauka, kowace ƙwayar yashi tana tsaga abin da ke kewaye da ita.

Don ku ga inda ilimin ya kai, a yau masu yin bulon tanderun siminti suna haifar da tsaga da gangan. Suna haɗa magnisiya, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 2,800, da ƙwayoyin wani dutse mai suna sifinel. Da yake su biyun ba sa tsukewa daidai da juna in sun huce, sai ƙananan tsaga su kewaye ƙwayoyin, bulon ya sami ɗan sassauci, ya jure juyawar tanderu. A 1975 kuma wasu masana uku a Ostareliya suka nuna cewa ƙwayoyin zarkoniya na iya kumbura daidai lokacin da tsaga ta iso su, su matse bakinta. Zarkoniya daga dutsen zarkon ake samunta, irin wanda ke fitowa tare da kuza a Jos.

YADDA MUKA GYARA

Na koma wurin mai bulon nan, ban je da faɗa ba, domin shi ma bai san abin da ke cikin bulonsa ba, kamar yadda ni ban sani ba. Muka zauna. Muka wanke yumɓu muka tace yashi. Muka gasa wani kaso nasa tukuna, muka daka, muka tankaɗe shi hawa uku, wato tsingaron magina a sabon salo. Muka haɗa farar ƙasa da ɗan yumɓu mai danƙo, domin ita kaɗai ba ta kama jiki. Muka rage ruwa, muka danne shi a maɗaba maimakon matsowa. Muka ƙara wuta, muka bar shi ya daɗe a cikinta don allurai su saƙu, muka bar shi ya huce a hankali. Bulon da ya fito bai kai na farko kyan gani ba, fuskarsa kaushi-kaushi. Amma ya haura shekara a tanderu. Ƙasar ɗaya ce, mutumin ɗaya ne, ƙirar ciki ce kawai ta sauya.

Ga 'yan'uwa da ke riƙe da masana'antu, ga gwaji uku da ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Na farko, a fasa bulo a dubi cikinsa, a ga ko akwai ƙwayoyi hawa-hawa, ko shafuka, ko baƙin ɗigo. Na biyu, a auna nauyin guntunsa a bushe, a tafasa shi awa biyu, a auna shi rataye a cikin ruwa, a kuma auna shi a jiƙe. A debe nauyin busasshe daga na jiƙaƙƙe. A raba da abin da ya rage in an debe nauyin cikin ruwa daga na jiƙaƙƙe. A ninka sau 100. Yawan ramukansa ke nan, kuma ƙa'idar Akimidis ce da aka koya mana a aji uku. Na uku, a gasa shi zuwa wajen digiri 950, a tsoma a ruwa, a maimaita, a ƙirga sau nawa zai jure kafin ya rabe. Bayan haka, sabon ginin tanderu a ɗumama shi sannu-sannu, domin ruwan da ke cikinsa in ya zama tururi yana neman wuri kusan sau 1,700 na girmansa, in bai sami hanya ba zai fasa ta da kansa. Sauri ya haifi nawa.

INA MUKA KWANA?

A 1979 aka sa hannu da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat kan gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda har yau babban tanderunta bai narkar da tama ba. A 1982 aka buɗe ta Aladja, aka kuma gina masu murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo. A 1987 aka kafa hukumar binciken albarkatun masana'antu ta ƙasa, ga kuma cibiyar binciken ma'adinai da ƙarafa a Jos. Duk da haka mafi yawan bulon tanderun da muke amfani da shi daga waje yake zuwa, alhali farar ƙasa na kwance a Ƙanƙara. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa a yau zai ga ƙofofi da yawa a garƙame, ciyawa ta cinye harabar da muka san ta cike da kekunan ma'aikata. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Duk ranar da tanderun Kano suka sake kamawa, za su bukaci bulo. Tambaya ita ce, wa zai yi shi, kuma wa zai iya leƙa cikinsa ya ce ya yi ko bai yi ba?

Shugaba, a nan nake da roƙo. Jiya na leƙa ɗakin gwajinmu. Madubin da Malam ya nuna mana ɓawon albasa da shi yana nan a kabad, idonsa ya dushe, ɗalibai kuwa sun ninka mu sau da yawa. Ina ba da shawara Ƙungiya ta sa wannan cikin ayyukanta na bana: madubai sababbi, ma'auni mai kyau, da ƙaramin tanderun gwaji. Ni na ɗauki nauyin madubi ɗaya, kuma a shirye nake in riƙa zuwa sau ɗaya a zango, in zo da guntayen bulona biyu, waɗanda har yau suna nan a ajiye a gidana, yara su leƙa su gani da idonsu. Ina kuma roƙon 'yan'uwa masu masana'antu su buɗe wa ɗalibanmu ƙofa su zo ziyara. 'Yan ajinmu na can baya, kun gama dariya, Ma'aji na nan tafe da littafinsa.

Iyayenmu malamai, abin da kuka shuka bai faɗi a kan dutse ba. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.  Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.